Yadda na haɗa wuyan jitar farko da na ƙera a Kano

Ni kafinta ne a Kano, gado da wadirof da ƙofa su ne abincina. Jita ta shigo shagona ne ta hanyar gyara. Samari masu kiɗa a situdiyo da 'yan kwaya na coci-coci sukan kawo mini wadda ta tsage ko wadda jakinta, wato katakon da tsirkiya ke ɗaure a kai a jikin akwati, ya ɗago, in manne musu. Sai dai akwai ciwo ɗaya da manni ba ya maganinsa. Mutum zai zo da jita lafiya lau a ido, ya ce tsirkiya ta yi sama da yawa, yatsunsa na ciwo, kuma da zarar ya gangaro ƙasan wuya sai murya ta ƙi daidaita. Wannan ciwon ne ya kai ni ga ƙera jita tun daga katako a 2022, don in gane da hannuna abin da ke faruwa a inda wuya ya haɗu da akwati. Na sha ruɗani a wannan gaɓa, domin yawancin bayanin da ake samu an yi shi ne don masu aiki a Turai da Amurka. Ga yadda abin ya kasance a wurina, ko Allah zai sa wani ya huta.

Zangon farko shi ne gidan wani dattijo a Sabon Gari wanda ya daɗe yana gyaran kayan kiɗa, tun lokacin da makaɗan hailaif ke cika otal-otal na unguwar. Na je da jita ɗaya mai irin wannan ciwo, na gaishe shi, na samu benci na zauna har ya sallami waɗanda suka riga ni. Da ya karɓe ta bai ko taɓa tsirkiya ba. Doguwar rula ta alminiyom ya ɗauko, ya kwantar da ita a kan firet, ƙananan ƙarafan nan da ke jere a allon yatsu, ya tura ta a hankali har bakinta ya isa jaki. Maimakon ta hau kansa, sai ta doki gabansa, kusan a tsakiyar kaurinsa. Ya ce, "Yarona, ka gani? Kamata ya yi bakin rula ya sauka daidai saman jaki. Wuyan nan a miƙe yake, zamansa ne ya canja." Na ce, "Baba, to ƙarfen da ke cikin wuya fa, ba shi ake ɗaurewa ba?" Ya girgiza kai. Sandar ƙarfen nan da ake juyawa da alanki aikinta hana tsakiyar wuya lanƙwasa ne kawai, ba ta da iko a kan mahaɗa. Wanda ya yi ta matsa ta don ya sauke tsirkiya, ƙarshenta ko ya cinye haƙorin notin ko ya karya sandar. A ranar na fara sanin nauyin da ake magana a kai: tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan abin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana, na roba kuwa kusan kilo 40. A gurmi da garaya sandar tana shiga cikin jiki ƙarƙashin fata, tsirkiya kuma a kanta take ɗaure sama da ƙasa, saboda haka sandar ce ke ɗauke da kayanta. Wuyan jita kuwa a bakin akwati yake tsayawa, akwatin kuma katako ne da kaurinsa bai kai milimita 3 ba. A hankali fuskar akwatin, wato katakon da jaki ke zaune a kai, tana kumbura bayan jaki, kafaɗar akwati tana dunƙulowa ciki, wuya yana tasowa gaba. Ko mahaɗar ba ta saki ba, wannan sai ya faru. Baba bai karɓi ko kwabo ba, goro da kuɗin shayi na riƙa kai masa daga baya.

Na ci gaba da zuwa wurinsa da yamma idan na rufe shago, ina haɗawa da abin da nake karantawa a waya, har hanyoyin haɗa wuya suka rabu mini gida uku. Ta farko ita ce ta mutanen Sifen, wadda Antonio de Torres, da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya yi aiki da ita, kuma har yau masu jitar tsirkiyar roba suna binta. A nan wuya da kututturen da ke cikin akwati katako ɗaya ne. Ana yanka tsaga biyu a gefensa, a zura bangon akwatin a ciki, a gina jitar a kife. Haɗi ne mai ƙarfi mara nauyi, amma zaman wuya yana kulluwa ne ranar da aka manne bayan akwati. Idan ya canja, sai dai a ɓamɓare bayan ko a sake fere allon yatsu. Ta biyu ita ce wutsiyar kurciya, wadda kowane kafinta ya sani a kusurwar durowa, sai dai ta jita tana tsukewa zuwa ƙasa, ta yadda duk danna wuyan da aka yi sai ya ƙara manne wa akwati. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833 ya kuma koma garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839, da ita ya yi suna. Ana iya buɗe ta, amma da aiki: a cire firet na 15, a huda ƙaramin rami a gurbinsa, a tura tururi ta siririn bututu har gam ya yi laushi, sannan a tunkuɗo wuyan. Baba ya yi a gabana da tukunyar matsi da tiyo da allurar hura ƙwallo. Na ga yadda tururin ya sa fenti ya yi fari a gefen dunduniyar wuya, wato gindinsa mai kauri da ke jingine da akwati, na ga kuma irin haƙurin da abin ke ci. Ta uku ita ce ɗaurin noti. Kamfanin Taylor na Kalifoniya, da aka kafa a 1974, ya daɗe a kanta, a 1999 kuma ya fito da tsarin da ake gyara zaman wuya ta hanyar musanya wasu siraran katakai a mahaɗa. Tunanin ma ba sabo ba ne, don tun ƙarni na 19 Johann Georg Stauffer na birnin Biyana yana yin jitar da ake ɗaga wuyanta ko a sauke da makullin agogo.

Baba mutumin wutsiyar kurciya ne. Ya ce noti na gado ne, jitar kirki katako da katako ake haɗawa, kuma murya ta fi ratsa haɗin da aka manne. Ina girmama maganarsa, kuma akwai manyan maƙera da ke kan wannan ra'ayi har gobe. Ni dai na saurari masu noti da masu gam, kunnena bai raba su ba. Abin da nake ji yana canja murya shi ne kaurin fuska da yadda aka fere haƙarƙarin da ke ƙarƙashinta, wato siraran katakan da ake manna mata ta ciki don ta yi ƙarfi. Garin da muke ciki ne ya yanke mini hukunci. Masu ƙera jita a waje suna aiki a danshin iska na kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, kuma a haka suke so a ajiye ta. A Kano lokacin hunturu danshi yana sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Akwatin da ke shan wannan hawa da sauka duk shekara dole zaman wuyansa ya motsa da wuri. Sannan mutum nawa ne a nan za su iya cire wutsiyar kurciya da tururi ba su ɓata jita ba? Jitocin kasuwa masu araha da na buɗe, da yawansu turakun katako ne kawai da gam ɗin efoksi, wanda tururi ba ya narkarwa, shi ya sa idan wuyansu ya taso sai a jingine su a bango. Na ce wa Baba zan yi namiji da mace miƙaƙƙe, wato guntun katako da ya fito daga dunduniyar wuya da ramin da zai shiga a jikin akwati, in ɗaure da noti biyu ta cikin akwati. Ya ce, "To, yi mu gani. Amma kada ka taɓa katako sai ka kawo mini zane."

Zanen shi ne takarda ɗaya tilo da wannan aiki ke buƙata, kuma ya ci lokaci. Na samu farin kwali mai faɗi na zana jitar ta gefe da ainihin girmanta. Tsawon tsirkiya daga ƙashin kai zuwa ƙashin jaki, wato siraran ƙasusuwa biyu da take hawa a kan jita da kuma a kan jaki, na ɗauki milimita 645, wato inci 25.4 na Martin. Firet na 12 yana tsakiya daidai. Wuya zai haɗu da akwati a firet na 14, kamar yadda Martin ya fara a 1929, wato kusan milimita 358 daga ƙashin kai, saura kusan 287 zuwa jaki. Sai lissafin tsayi. Kaurin jakina milimita 9 ne, ƙashin da ke kansa zai leƙo da kamar 3.5, tsirkiya ke nan za ta tashi kusan 12.5 daga fuska. Allon yatsu milimita 6 ne, firet ya ƙara 1. Saboda haka idan na kwantar da rula a kan wuya kafin a manna allon, dole bakinta ya wuce saman fuska da tazarar milimita 2 a wurin da jaki zai zauna, don 6 da 1 da 2 su ba da 9. Wannan 'yar tazarar ita ce duk abin da ake nufi da zaman wuya. A ma'aunin kusurwa abin bai wuce digiri 1.5 ba, amma ba na ba kowa shawarar ya dogara da digiri, domin fuskar jita tana da ɗan tudu, kuma kowane akwati da yadda yake fitowa. A jikin akwatin da ke gabanka za ka auna. Baba ya duba zanen ya ƙara abu ɗaya: kafaɗar fuska, daga bakin akwati zuwa ramin murya, dole ta bi layin wuya, in ba haka ba harshen allon yatsu, wato ɓangarensa da ya hau kan fuska, zai yi tudu ko ya nutse daga firet na 14.

Da bazara na shiga neman katako. Madacin da muka sani a arewa yana da ƙarfi amma ya yi nauyi, ɗan'uwansa na kurmi da ake sayarwa da sunan mahogani shi ya fi dacewa da wuya. Na zaga 'Yan Katako na Na'ibawa na ga masu kyau, sai dai sabon yanka ne, irin wanda ya isa gado amma bai isa jita ba. Wani mai rumfa da muka saba ya ce mini, "Malam, in busasshe na gaske kake so, je ka wurin masu tsofaffin ƙofofi." A can na samu dogarin ƙofar wani tsohon gida da aka rushe, mahogani zalla, a kan naira 6,000. Abin da ake dubawa shi ne bakin katakon: layukan tsiro su tsaya a tsaye, kada su kwanta, domin irin wannan yankan ya fi jure murɗewa. Daga wannan katakon na fitar da wuya, na jera guntaye na manne su suka zama dunduniya, na kuma fitar da kututturen ciki mai kaurin milimita 38. Allon yatsu da jaki na maɗobiya na yi, guntu ɗaya a naira 3,000. Itacen nan ya yi ƙaranci saboda yawan fitar da shi Sin, har tun 2017 yana cikin waɗanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu. Na jera komai a saman shago da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa.

Ƙarafan haɗin ba su ba ni wahala ba, don na san su a gadajen da ake kwancewa: dogon noti mai kaurin milimita 6 mai kan alanki, da abokinsa, wani mulmulallen ƙarfe mai rami da haƙori a gefe, wanda ake binnewa a gicciye cikin katako. Dalilin zaɓarsa shi ne dunduniyar wuya ƙarshen tsiro ce, sukurun da aka ɗaura kai tsaye a ƙarshen tsiro kuma wata rana zai zare. A Ƙofar Ruwa na saye su, naira 1,500 har da ƙari, mai injin ƙarfe ya rage mini tsawonsu a kan naira 1,000. A wurin masu kayan mota na samo washa mai lanƙwasa, irin wadda ke ci gaba da matsi ko da katako ya ɗan janye. Abin da ban samu a nan ba shi ne katakon fuska na itacen sifurus, da wayar firet, da sandar cikin wuya. A lokacin bankuna sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, saboda haka ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa birnin Guanzu na ƙasar Sin na bi. Kayan sun tashi kusan dala 60, ban da kuɗin kago da ake lissafawa a kilo, kuma sai tsakiyar damina suka iso.

Daga nan sai jira, kuma shi ya fi ci mini rai. Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi a wurin masu injin ƙyanƙyasar ƙwai a kan naira 3,500 na rataye a shago. Duk Agusta yana sama da 70. Kaya na gabana, hannu na ƙaiƙayi, amma akwatin da aka rufe da damina idan hunturu ya zo fuskarsa tsagewa take yi. Wanda aka rufe a busasshiyar iska kuwa kumbura kawai zai yi da damina, wannan kuma da sauƙi. A ƙarshen Oktoba ma'auni ya sauko kusan 40, na manna haƙarƙari na rufe akwatin a cikin wannan ɗan tsakanin.

Kafin in taɓa ainihin wuyan sai da na yi haɗin gaba ɗaya a kan farin katako mai araha, na kai wa Baba ya jijjiga. Sannan na fara da daidaita kafaɗar akwati inda dunduniya za ta zauna, na goge ta da sanfefa a kan shimfiɗaɗɗen katako har rula ta daina nuna haske. Macen na fafe ta da rawuta, injin fafe katako, da samfurin filawud: faɗi milimita 20, zurfi 24. Namijin tsawonsa 22 ne, da gangan, don kada ƙarshensa ya taɓa ƙasan ramin. Kumatun dunduniya, wato gefuna biyu da ke dama da hagun namijin, su ne ya kamata su ɗauki matsi. Kusurwar kumatun daga jikin akwatin na ɗauko ta da ma'aunin kusurwa mai motsi, na yanka da zarto na bar ɗan rara. Ramukan mulmulallun ƙarafan, milimita 10, na huda su kusa da kumatu iya yadda zai yiwu, domin katakon da ke gabansu shi noti zai riƙa ja, kuma na manna siririn katako mai tauri a kowane gefen namijin da tsiro a gicciye don kada ya tsage. Ramukan noti a kututture na yi su milimita 7, su ɗan fi notin, saboda wuya ya samu damar karkata. Na sama kuma a lura kada ya ci karo da sandar cikin wuya. Ƙarshe na ɗauki cizal na rarake cikin kumatun na bar baki mai faɗin milimita 3 kawai, don shi kaɗai za a riƙa gogewa.

Yanzu ne aka zo wurin da aikin yake. Abu uku ake nema a lokaci guda: wuya ya kwanta baya daidai da zane, ya kalli tsakiyar akwati, kumatu kuma su zauna ba haske. Duk wanda ka taɓa a ciki sai ya motsa sauran. Yadda ake yi shi ne a yanka sanfefa siriri, a liƙa salatif a bayansa don kada ya karci akwati, a ɗan sassauta noti, a zura shi tsakanin kunci da akwati da ƙaiƙayin yana kallon dunduniya, a danne wuya da hannu ɗaya, a ja sanfefan ƙasa da ɗayan. Da yake ƙasan dunduniya ya fi daɗewa a kan sanfefa, shi ya fi ciwuwa, kuma kowane ja yana ƙara kwantar da wuya baya. A nan lissafin zane ya yi mini rana. Tsawon dunduniyata kusan milimita 90 ne, nisan jaki kuma 287, saboda haka milimita 1 da aka cire a ƙasan dunduniya yana ɗaga bakin rula fiye da milimita 3 a wurin jaki. Abin da ake cirewa ke nan ƙura ce, shi ya sa ba a yin wannan da cizal. Tsakiya kuwa na duba ta da rula biyu, ɗaya a kowane gefen wuya, ina auna nisansu daga layin tsakiyar fuska a wurin jaki. Idan ka goge kunci ɗaya, kan jita yana karkata zuwa wannan gefen. Idan tsakiya ta riga ta yi daidai, ja nawa ka yi a dama, yi irinsa a hagu. Na shafa alli a akwati ina ɗaurawa ina kwancewa, ina duba inda allin ya kama da inda bai kama ba. Akwai yammacin da na ga tazara ta zo daidai, sai tsakiya ta kauce da milimita 1, na gyara tsakiya sai haske ya bayyana a kunci ɗaya. Zuciyata ta ɓaci, na rufe shago na tafi gida. Washegari da safe, ido ya huta, abin ya zauna cikin ɗan lokaci. Wani abu da ya kamata a sani tun farko: kowace guga tana matso da wuya kusa da akwati, saboda haka ba a sa alamar wurin jaki sai an gama haɗin gaba ɗaya, sannan a auna daga firet na 12.

Wuya da akwati daban-daban na yi musu fenti, bayan sun bushe na sake ɗan gogewa don kaurin fentin ya canja zama. Harshen allon yatsu shi kaɗai ne na manna a fuska. Baba ya ba ni gam na fata, wanda ake jiƙawa a narkar a cikin ruwa mai zafin digiri 60, domin ba ya zamewa da zafin rana kamar farin gam ɗinmu na kafinta, kuma ɗumi da danshi suna buɗe shi idan buƙata ta taso. Ɗan kaɗan na shafa. Na bar bakin rula ya wuce saman jaki da rabin milimita, saboda fuska tana ɗan tasowa idan tsirkiya ta ja ta. A watan Disamba na ɗaura tsirkiya, gabana na faɗuwa da kowace murɗa. A firet na 12 babbar tsirkiya ta tsaya a milimita 2.4, ƙaramar a 1.8. Na kai wa Baba, ya fara da rula kafin ya kaɗa, ya daɗe yana kaɗawa, sannan ya ce, "Zama ya yi, yarona. Saura mu ga abin da hunturu zai ce."

Hunturun ya yi maganarsa. A Janairun 2023 fuska ta ɗan nutse, tsirkiya ta sauko har tana zuza a wasu firet, bakunan firet suka leƙo gefe saboda allon ya janye, na bi su da fayil. Kututturen ciki ma ya janye, na zura hannu ta ramin murya na ƙara wa kowane noti ɗan juyi. Washar nan mai lanƙwasa ce ta hana haɗin saki kafin in lura. Da damina ta kankama sai akasin haka, fuska ta kumbura, tsirkiya ta hau. Maganin wannan ba a mahaɗa yake ba. Ƙashin jaki biyu na fere, dogo na hunturu da gajere na damina, da sanin cewa milimita 1 a firet na 12 milimita 2 ne a ƙashin jaki. Bayan damina ta biyu ne rula ta fara sauka ƙasa da saman jaki a kowane yanayi, alamar zaman da kansa ya motsa. Na sassauta tsirkiya, na kwance noti, na zura sanfefa ba tare da na ɓalle harshen allon ba, na ɗaure. Tsakanin azahar da la'asar aka gama, babu tururi, babu tabo a fenti.

Wanda zai shiga wannan aiki, ya fara da doguwar rula mai gaskiya da ma'aunin danshi, kuɗinsu kaɗan ne kuma kowane hukunci a kansu yake. Ya yi zane da cikakken girma, ya gwada haɗin a katakon banza, ya rufe akwati bayan damina. Kada ya yanke hukunci a kan zaman wuya da awon wata ɗaya, ya auna da hunturu ya auna da damina, tunda abin da ke hawa yana sauka ƙashin jaki ne maganinsa. Kada kuma ya yi ta fere ƙashin har ya kusa ɓacewa, domin idan tsirkiya ba ta karya sosai a kansa murya tana mutuwa. Mai son wutsiyar kurciya ya koye ta, aiki ne mai kyau, amma ya manna da gam na fata, ya kuma koyi buɗe ta da tururi tun kafin ya sayar wa wani.

Abin da bai gamsar da ni ba a wannan jitar shi ne harshen allon yatsu. Bayan gyaran da na yi, ya ɗan sunkuya daga firet na 14 zuwa ƙasa, domin wuya ya kwanta baya shi kuma yana manne a inda yake. Ba ya hana kiɗa, amma gyara na gaba sai an ɓalle shi an sa masa siririn katako a ƙasa. A jitar da ke kan bencina yanzu na tsawaita kututturen ciki ya shiga ƙarƙashin fuska har zuwa babban haƙarƙarin kafaɗa, na manna wani katako a ƙarƙashin harshen wanda zai zauna a gurbi, da ƙananan noti biyu masu milimita 4 da za a ɗaure ta ramin murya. Akwatinta na jiran ƙarshen Oktoba.